Ruwan Bazara Ba Ruwan Shuka Ba Ne

Da zarar hunturu ya ja baya a watan Maris, bazara ta kama, idon manomi sai ya koma sama, yana fatan hadari ya haɗo ya fita shuka. Sai dai fata daban, lissafi daban.

Ruwa yakan sauka ne idan iska mai laima daga Tekun Atilantika ta kora busasshiyar iskar Sahara zuwa arewa. A bazara iskokin nan biyu ja-in-ja suke yi. Shi ya sa akan yi ruwa sau ɗaya, sannan a shafe makonni babu ko ɗigo, tsiro ya ƙone. Masana aikin gona a yankin Sahel sukan ce damina ta zauna idan an sami milimita 20 cikin kwana 3, kuma ruwan bai ɗauke fiye da mako guda ba a kwana 30 da suka biyo baya.

Saboda haka ya kamata kowace makarantar sakandare ta kafa ma'aunin ruwan sama, ɗalibai su riƙa rubuta abin da ya sauka, su kwatanta da hasashen da hukumar NiMet ke fitarwa a farkon shekara. Ɗalibin da ya ceci irin geron mahaifinsa ya ga amfanin kimiyya.