Wahalar Masu Ƙidayar Tsuntsaye da Hakkin da Ke Wuyan Masu Aika Su

Kowace shekara, idan watan Janairu ya kama, hunturu ya kankama, hazo ya rufe fadamun Haɗeja da Nguru inda kogin Haɗeja da na Jama'are suke malala kafin su haɗu su nufi Tafkin Cadi, akan ga waɗansu bayin Allah cikin kwalekwale, kowanne rataye da madubin hangen nesa da ɗan littafi a aljihu, suna ƙirga tsuntsaye. Suna cikin ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya ne, wadda aka soma tun 1967, kuma galibin masu yin ta, a nan da sauran ƙasashe masu zafi, masu sa kai ne waɗanda ba su da albashi. Jama'a kan yi musu kallon marasa aikin yi. Ni kuwa ina ganin aikinsu yana da asali mai daraja, domin Alƙur'ani mai girma ya ba mu labarin yadda Annabi Sulaimanu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya binciki rundunarsa ta tsuntsaye har ya lura da rashin alhudahuda. Kuma tun da murar tsuntsaye nau'in H5N1 ta ɓulla a Jihar Kaduna a 2006, karo na farko a Afirka, babu mai kiwon kaji da zai ce sanin zirga-zirgar tsuntsayen daji shagala ce.

Amma wanda bai taɓa ganin aikin da idonsa ba, ba zai san nauyinsa ba. A dajin Amurum, kusa da ƙauyen Laminga a gabashin Jos, inda aka kafa cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis a 2001, da sauran wurare irinsa, mai kama tsuntsu domin sa masa zobe yakan tashi tun kafin assalatu, cikin sanyin da ke sandarar da yatsu, ya kafa raga mai siririn zare tsakanin sanduna, sa'an nan ya riƙa zagayowa gare ta kusan kowane rabin sa'a, domin tsuntsun da ya daɗe a raga, in rana ba ta galabaitar da shi ba, tururuwa ko shaho za su riga mai raga isa gare shi. In ya tarar da wanda ya faɗa, sai ya fara gano ta wane ɓangare ya shiga, ya warware ƙafafu, ya zare fiffike ɗaya bayan ɗaya, ya fid da kai, alhali halittar da ke hannunsa ba ta wuce nauyin giram 15 ba, zuciyarta tana bugawa a kan yatsansa, matsa kaɗan ta yi yawa. Daga nan a saka ta a jakar yadi, a ɗaura mata zoben ƙarfe mai lamba, a auna fiffike, a hura gashin cikinta a duba kitsen da ta tara domin ƙetare Sahara, a rubuta, a sake ta. Haka za a yi ta yi har rana ta take, gobe a sake, jibi a sake, wata da watanni.

Na fadama kuwa wahalarsa dabam ce. Ciyawar kacala, wadda ta mamaye hanyoyin ruwa bayan da madatsun Tiga da Calawa suka sauya yadda ambaliya ke zuwa, takan tare jirgi har sai an sauka an tura shi, ruwa iya ƙugu, matsattsaku suna maƙalewa a ƙwauri, tsargiya kuwa tana shiga jiki ba sallama, ba za a san da ita ba sai bayan makonni. Ga sauro da magariba, ga ƙarangiya a tudu, ga kunama cikin takalmi. Bayan duk wannan, garken kirinjijiya da aka sha wuya aka kusanta zai iya tashi gaba ɗaya saboda harbin wani mafarauci, ƙirgar da aka kai rabi ta rushe.

A zamanin nan kuma an sami ƙarin wata musiba wadda magabatan wannan ilmi ba su sani ba. Baƙon da aka gani a bayan gari yana leƙe da madubi, yana duba waya, yana rubutu, a lokacin da 'yan bindiga suka hana mutane barci, wa zai zargi 'yan banga in sun tsare shi suna tuhumarsa da leƙen asiri? Matasan da ke aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya, wanda aka fara a 2015, inda aka yanka ƙasa gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 a kowane gefe, mutum ya shiga ya shafe aƙalla sa'a biyu yana rubuta duk tsuntsun da ya gani ko ya ji kukansa, sun fi kowa sanin cewa gaisuwar mai unguwa da dagaci tana gaba da kowane irin kayan aiki.

To, wahala iri biyu ce, kuma a nan maganata take. Akwai wadda daji ya ɗora, wadda babu makawa sai an haƙura da ita, kuma ba a taɓa samun ilmi a inuwa ba. Akwai kuma wadda mutane suka ɗora wa mutane, suka lulluɓe ta da sunan sa kai. Malaman fiƙihu sun rarrabe tsakanin tabarru'i, wanda mutum ke bayarwa bisa zaɓin kansa, da ijara, wadda ba ta inganta sai an san aikin an kuma san ladan. Idan aka ɗauki saurayin da ya gama jami'a, ba shi da aiki, aka sa masa lokacin tashi da na kwanciya, aka hana shi tafiya sai damina ta wuce, alhali abin da ya kawo shi shi ne begen takardar shaida da za ta buɗe masa ƙofar gaba, to wannan ijara ce da aka cire mata lada, ko da wane suna aka kira ta. A ƙasashen Amurka ta Kudu ma an saba ganin ayyukan bincike da ke neman mai sa kai ya biya kuɗin jirginsa, wani lokaci har da na abincinsa. Wanda ya zo daga Turai da inshorar lafiya da maganin rigakafin zazzaɓi, kuma iyayensa na iya riƙe shi wata shida, zai jure, ya koma gida da labari mai daɗi. Ɗan talakan da ƙannensa ke jiran abin da zai kawo ba zai jure ba, ko da ya fi kowa kaifin ido, kuma ta haka ake tace wannan fanni har ya zama na 'ya'yan masu hali.

Wanda aka fi zalunta ma ba ya cikin lissafin masu sa kai ko kaɗan. Ina nufin masuncin da ke tuƙa jirgin, da tsohon maharbin da ya san inda dinya ke kwana, ya san ranar da shamuwa ke isowa gabanin damina, yake rarrabe kukan da mai digiri sai ya buɗe littafi. A ba shi ɗan abin goro a sallame shi, takarda ta fito a wata mujalla da sunaye biyar, nasa babu.

Za a ce kuɗin bincike kaɗan ne, kuma gaskiya ne, ban musa ba. Sai dai duk kasafin da ya iya ɗaukar na'urar da ake ɗaura wa tsuntsu a baya domin bin sawunsa zuwa Turai, ya iya ɗaukar kuɗin mota da abinci, da gidan sauro, da dogon takalmin roba, da gwajin tsargiya bayan an fito daga ruwa, da sanin asibiti mafi kusa da ke ajiye maganin dafin maciji tun kafin gobe-da-nisa ta sari wani, da wasiƙar gabatarwa zuwa ga hakimi da jami'an tsaro kafin a tura yaro daji. Ribar hakan ma ga masu binciken za ta koma, domin ƙidaya ba ta da amfani sai an maimaita ta shekara da shekaru, a wuri guda, da idanun da suka saba da wurin. Idan kuwa kowace shekara sababbin hannu ake kawowa saboda na bara sun gudu, to bambancin da za a gani a lissafi zai iya zama na masu ƙirgar ne, tsuntsayen suna nan yadda suke.