Koyon Dangwala Yatsa Kaɗai Bai Isa Ba

Ƙungiyoyin sa kai waɗanda ba su bin kowace jam'iyya, irin su Yiaga Africa, suna ƙoƙari ƙwarai wajen nuna wa mutanen birane amfanin yankar kati da jefa ƙuri'a. Madalla. Amma fa da sauran aiki.

Kafanchan ta isa shaida. An yi zaɓen shugaban ƙasa ran 16 ga Afrilu 2011, sai bayan sakamako ya fara fitowa wuta ta tashi. Aka ƙone kasuwar garin, aka yi asarar rayuka a can da Zonkwa. Sai a Maris 2016 al'ummomi 29 na kudancin Kaduna suka sa hannu kan takardar zaman lafiya a Kafanchan, da taimakon ƙungiyar sulhu ta HD.

Lalle ne a koya wa talaka yadda ake ƙidaya ƙuri'a a rumfa, yadda ake tattara sakamako, da kotun da wanda ya faɗi zai kai kukansa. 'Yan Arewa mazauna Agege da Sabon Ibadan su ma suna bukatar wannan karatu, domin in rikici ya ɓarke a gida, a kansu ramuwar gayya kan faɗa.