Gejin Yana Nuna Kore, Keken Ya Tsaya

'Yan uwa ɗalibai, musamman 'yan sashen lantarki masu neman abin da za su yi furojek a kai, ga aiki nan a ƙofar gida. Don Allah a bar kwafo na bara.

Mai keken guragu mai batir, in ya samu hali, yakan cire tsohon batirin dalma ya sa na lithium, don ya fi rashin nauyi kuma ya fi daɗewa. To amma gejin da ke jikin keken, fitilun nan kore da rawaya da ja, don batirin dalma aka yi shi, ƙarfin wuta kawai yake aunawa. Batirin dalma mai volt 12 a hankali yake sauka, daga wajen 12.7 in ya cika zuwa wajen 12.2 in ya kai rabi, shi ya sa gejin ke iya bin sa. Shi kuwa lithium irin LiFePO4, kowace ƙwayarsa tana zama tsakanin volt 3.2 da 3.3 kusan duk tsawon tafiyar. Geji yana ta nuna kore, kwatsam sai na'urar kariyar da ke cikin batirin, BMS, ta yanke wuta.

Mai babur in mai ya ƙare masa sai ya sauka ya tura. Wanda ba ya iya taka ƙasa fa? A ce tsakanin Jahun da Aujara abin ya same shi, da tsakar ranar Afrilu, zafi ya haura digiri 40.

Maganin ba wani abin a zo a gani ba ne: ƙaramar na'ura mai ƙirga wutar da ta shiga batir da wadda ta fita. Batir mai 20Ah in ya ba da 15, sai ta rubuta saura kashi 25, ba kame-kame. Sharaɗinta dai a riƙa cika batirin fal lokaci-lokaci don lissafinta ya daidaita. Ɗan ND2 zai iya haɗa ta, ya gwada ta a kan kwalta da cikin yashi, ya gano kilomita nawa caji ɗaya ke kaiwa a ƙasarmu.

Sai a haɗa da gargaɗi biyu da Hausa a jikin keken. Kar a yi caji a rana, lithium ba ya son caji sama da digiri 45. Sannan batirin da ruwa ya shiga kar a jona shi, yana iya kamawa da wuta. Mu da muka ga ambaliyar 2020 da ta 2022 a yankin Haɗeja mun san wannan ba tatsuniya ba ce.

Wasu za su ce ai mutum nawa ne. Dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ba ta ce sai sun yi yawa ba. Ƙungiyarmu ta ɗalibai ta fara da abin da take iyawa: soket ɗaya a inuwa, mai aiki da sola, kusa da ajujuwa.