Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da Makomar Masu Lalurar Rashin Natsuwa

Idan dai za a iya tunawa, a watan Janairun 2023 ne tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya rattaba hannu a kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Sai dai akwai rukunin jama'ar da ke da wuyar cin moriyarta, wato masu lalurar rashin natsuwa da gaggawa, wadda likitoci ke kira ADHD.

Lalurar takan bayyana tun kafin shekara 12, amma a gidajenmu sunanta ƙiriniya ko rashin ji, maganinta kuwa bulala. Yaron da ya tashi a haka yakan girma yana ganin kansa marar amfani, kuma masana sun tabbatar cewa irinsa sun fi saurin faɗawa cikin damuwa mai tsanani da shaye-shaye. Sau tari sai abin ya kai nan ake tunanin asibiti, a yi ta maganin damuwar, a bar tushenta.

Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, suna duba irin wannan lalura, haka ma sashen ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa. To amma mutumin karkara, wa zai nuna masa hanya in ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi bai san alamun ba? A ganinmu, horar da waɗannan ma'aikata da malaman firamare ya fi gaggawa.

Wanda ya fara furta kalaman kashe kansa kuwa, kada a bar shi shi kaɗai. A garzaya da shi sashen gaggawa mafi kusa, ko a kira lamba 112.