Buroka Ba Ta Karanta Takardar Haya

Yau maganata da masu cewa wai Bahaushe a Kurmi ba ya bukatar Turanci, buroka da ɗan Yarbancin kasuwa sun wadatar. Na gaji da jin wannan a majalisunmu na nan Agege, inda in mutum ya ɗauko ɗan littafi yana haddar kalmomi sai a tasa shi a gaba da tsiya, ana ce masa Malam Bature. Wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma asara take jawo mana.

Ni ban raina buroka ba. Da ita ake sayar da tumatir da albasa a Mil 12, da ita muke cacar baki da kwandasta. Amma don Allah wa ya taɓa ganin takardar haya, ko fam ɗin banki, ko kwalin magani da aka rubuta da buroka?

Ku ɗauki maganar haya. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta ce mai biyan kuɗin shekara sai an ba shi notis na wata 6 kafin a tashe shi, mai biyan wata-wata kuwa wata 1. Sai dai akwai sharaɗi: wannan yana aiki ne in ba ku rubuta wani wa'adi daban a yarjejeniyarku ba. Ke nan idan ejan ya sa wata 1 a takarda, kai kuma ka dangwala yatsa ba ka san "one month" ba, ka sayar da wata 5 da hannunka, ga iyali ga kaya. Haka kalmar "witness" da "guarantor". Ta farko shaida ce kawai, ta biyu kuwa ka tsaya wa mutum ke nan, in ya gudu da bashi kai za a kama. Mutanenmu nawa ne suka sa hannu a gurbi na biyu suna zaton shaida suka yi? Ba na ma son in shiga batun "twice daily" a jikin maganin yara.

Wani zai ce ai akwai tafinta. E, sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ba wanda ake tuhuma da laifi haƙƙin tafinta kyauta a kotu. To a kotu ke nan. A ofishin ejan fa? Can mai karanta maka takardar shi ne mai cin kamasho in ka sa hannu.

Masu cewa sun tsufa da koyo su ne suka fi ba ni mamaki. Tun 1916 aka kafa Sabo a Ibadan, kakanninmu suka iya Yarbanci a bakin kara da rumfar goro ba tare da allo ba. Cikinmu akwai mai izu 60 a ka. Shi ne kalma 5 a rana za ta gagara? A wata guda kalma 150 ke nan. Ballantana ma da yawa suna bakinmu tuni: direba, makaniki, lauya, kotu, rasit, ofis, banki, asibiti, duk daga Turanci muka aro su muka yi musu riga.

'Yan bokonmu ma suna da nasu laifin. In dattijo ya zo koyo sai su fara masa da nahawu, ko su yi dariyar lafazinsa, gobe ba zai dawo ba. Alhaji bai zo neman digiri ba, so yake ya gane abin da ke cikin takardar da ke aljihunsa.

Don haka ina tambayar Sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin kasuwa: ana karɓar kuɗin ƙungiya, me ya hana a buɗe ajin dare? Azuzuwan Islamiyyarmu a rufe suke bayan isha'i, ga yaranmu da suka gama sakandare suna zaune. A ba biyu daga cikinsu ɗan alawus, kowane ɗalibi ya zo da takardar hayarsa da rasit ɗinsa, a fara daga layin farko.