Cibiyar Bincike Ba Kanti Ba Ce

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin masu riƙe da baitulmali da masu ba su shawara, har jama'a suka karɓe ta tamkar hukuncin da ba ya bukatar dalili, wato wai duk cibiyar binciken kimiyya da gwamnati ke ɗauke da nauyinta wajibi ne ta nuna ribarta a ƙarshen kowace shekara, ta nemo kuɗin shiga da kanta, in kuwa ta gaza, a rage mata kasafi ko a sallami masananta. Masu wannan ra'ayi suna ɗaukarsa tattalin dukiyar al'umma, alhali kuwa asara ce da ba a ganin girmanta sai bayan shekaru. Zan kafa hujjata da tarihin hukuma guda, wato CSIRO ta ƙasar Ostireliya, wadda aka kafa a 1926, ta ɗauki sunanta na yanzu a 1949, ta kuma tara masana noma da dabbobi da ma'adinai da taurari da lissafi a ƙarƙashin shugabanci ɗaya.

Duk wanda ya taɓa riƙe naira ashirin ta leda, wadda ta fito a 2007, ko naira biyar da goma da hamsin da suka biyo baya a 2009, ya riƙe amfanin aikin wannan hukuma. Asalin al'amarin shi ne, da Ostireliya ta fitar da sabon kuɗinta na dala a 1966, ba a daɗe ba sai ga jabun dala goma a kasuwa, saboda haka gwamnan babban bankinsu, H. C. Coombs, ya nemi masana su samo kuɗin da zai gagari maƙeran jabu. Aka soma aikin a 1968, masanin haɗa sinadarai David Solomon yana cikin jagororinsa, tare da masana haske da ma'aikatan ɗab'i, amma kuɗin ledar farko bai shiga hannun mutane ba sai a 1988. Shekara ashirin ke nan ana kashewa ba a ga kwabo ya dawo ba, kuma da a shekara ta biyar an yi wa aikin hisabi irin na ɗan kanti, lalle da an binne shi.

Mas'ala ta biyu ta fi wannan ban mamaki. John O'Sullivan masanin falaki ne da ya ɓata lokaci mai tsawo yana neman alamar fashewar wasu ƙananan baƙaƙen ramuka na sararin samaniya, waɗanda Stephen Hawking ya yi hasashensu, kuma bai same su ba. Ga mai auna ilmi da riba, wannan aikin banza ne tsantsa. Amma dabarun lissafin da ya ƙware a kansu wajen tace saƙon rediyo mai rauni daga cikin hayaniya, su ne shi da abokan aikinsa injiniyoyi na CSIRO suka juya suka warware matsalar amsa-kuwwar da saƙon rediyo ke yi idan ya bugi bangon ɗaki, wadda ita ce ta hana kwamfutoci magana da juna cikin sauri ba tare da waya ba. Suka sami haƙƙin mallakar fasahar a Amurka a 1996, ta zama ɗaya daga ginshiƙan Wi-Fi, kuma daga bisani kamfanonin duniya suka biya hukumar sama da dala miliyan 430. Babu ministan da zai iya ba da odar wannan sakamako tun farko, domin ko mai binciken kansa bai san inda hanyar za ta ɓulle ba. Abin da ya sa ta ɓulle shi ne zaman masanin taurari da masanin lissafi da injiniya a gida ɗaya.

Haka kuma labarin buzuzu. Turawa sun kai shanu Ostireliya a 1788, alhali buzuzun ƙasar bai saba da kashin shanu ba, sai kashin ya yi ta taruwa yana rufe makiyaya yana haifar da ƙudaje. George Bornemissza, masanin ƙwari ɗan asalin Hungari, ya ba da shawarar a kawo buzuzu daga Afirka da wasu wurare, aka yi aikin daga 1965 zuwa 1985, ana wanke ƙwayayen da magani don kada su shigo da cutar dabbobi, har iri fiye da ashirin suka zauna. Fa'idar ta tafi ga makiyaya da ƙasar noma da lafiyar mutane, kuma babu wani kamfani da zai ɗauki wannan ɗawainiya, tunda ba a iya sayar da raguwar ƙudaje ga kowa. Irin wannan maslaha ta gama-gari ita ce ainihin dalilin kafa cibiyar ƙasa.

Za a ce Ostireliya mai wadata ce, mu kuwa muna fama da yunwa da bashi. Amsa ita ce a 1926 mutanenta ba su wuce miliyan shida da 'yan kai ba, arzikinta ulu ne da alkama, kuma damuwarta cututtukan tumaki da ɓarnar zomaye. Mu ma ba a bar mu a baya wajen farawa ba, gama tashar binciken noma ta Samaru ta kafu a 1922, ta dabbobi a Vom a 1924 don yaƙar annobar bushiya, duk kafin tasu. Bambancin shi ne su sun haɗa fannoni wuri ɗaya sun yi haƙuri da su, mu kuwa muka warwatsa namu a ƙarƙashin ma'aikatu dabam-dabam, kuma alkawarin da shugabannin Afirka suka ɗauka a Legas a 1980, na ware kashi 1 cikin 100 na arzikin ƙasa ga kimiyya, har yau bai cika ba. Mai dashen dabino ba ya tumɓuke shi a damina ta biyu don bai ga 'ya'ya ba.

Ba ina cewa a bar masana ba hisabi ba ne, gama amana ce a wuyansu, kuma malalaci a cikinsu ya cancanci a kore shi. Sai dai a auna su da ma'aunin da ya dace: ingancin aikinsu bisa shaidar takwarorinsu, da ɗaliban da suka yaye, da matsalolin ƙasa da suka tunkara cikin shekara goma. Imamu Gazali ya lissafa ilmin likitanci da na hisabi cikin farillan kifaya, waɗanda in wasu sun tsaya da su an ɗauke wa saura, in kowa ya bari kowa ya yi laifi. Saboda haka ya wajaba majalisa ta kafa dokar da za ta haɗa cibiyoyinmu ƙarƙashin hukuma ɗaya, ta yanka musu kaso tabbatacce wanda canjin gwamnati ba zai taɓa ba, domin wanda ya hana masu tsayuwa da farilla abin aikinsu ya jawo wa al'umma duka alhakin barinta.