Idan Mumbari Ya Ɓata Sunan Mutum, Wa Zai Ɗauki Alhaki?

A ranar 19 ga Fabrairun 2021 kotun ƙolin Malesiya ta ci jaridar Malaysiakini tarar ringit 500,000 bisa laifin raina kotu. Kalamai biyar ɗin da suka jawo hukuncin masu karatu ne suka rubuta su a shafinta, ba ma'aikatanta ba. Sashe na 114A na dokar shaida ta ƙasar yana ɗaukar mai shafi a matsayin mawallafin abin da ke cikinsa har sai ya kawo hujjar akasin haka. An wanke editan, Steven Gan, kamfanin ne ya biya.

Mu ɗaliban da ke zaune tsakanin Wangsa Maju da Gombak, wannan doka ta hau kanmu ko da ta fuskar wannan mujalla tamu. Amma tambayar da hukuncin ya tayar ta fi nauyi a gida. A Kano da Zariya da Sakkwato babu jaridar da ta kai mumbarin Juma'a ko majalisin tafsirin azumi yawan masu saurare. Malami zai kama sunan mutum ya ce ya cinye kuɗin marayu, kafin la'asar bidiyon ya zaga Facebook da TikTok ɗauke da tambarin ƙungiya. Masallacin yana da kwamiti, ƙungiyar tana da rajista da asusun banki, su suka kafa lasifikar, su suka ɗauki hoton. Idan wanda aka ci wa mutunci ya koka sai su ce ra'ayin malam ne. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ra'ayinmu shi ne, cibiyar da ta yaɗa ƙarya a kan mutum da sunanta, aka nuna mata ƙarya ce ta ƙi janyewa, ta cancanci a maka ta a kotu ta biya diyya.

Sai dai dole a ja iyaka, kuma harshenmu kansa yana rikita iyakar, domin kalmar ɓatanci guda muke amfani da ita ga cin zarafin addini da kuma ɓata sunan ɗan Adam. A ce wane ya karkatar da kuɗin ginin masallaci, wannan zance ne da rasit da shaidu za su iya gaskatawa ko ƙaryatawa, aikin alƙali ke nan. A ce abin da wane yake yi bidi'a ne, wannan hukunci ne na aƙida. Tun da aka kafa Izala a Jos a 1978 take wannan gardama da 'yan ɗariƙa, kuma babu alƙalin da zai raba ta da tara. Ranar da kotu ta fara yanka diyya saboda saɓanin fahimta, duk ɓangaren da ya fi kuɗi da lauyoyi zai iya talauta makarantar abokin hamayyarsa, kuma mai rinjaye a Kano shi ne tsiraru a wani garin. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin yaɗa addininsa ta hanyar koyarwa, kuma koyarwar da ba ta iya cewa wancan kuskure ne ba ta amsa sunanta ba.

Akwai dalili na biyu da ya sa muke son alhakin ya zama ƙunƙuntacce. A farkon Afrilun 2022 kwamitin masallacin rukunin gidajen 'yan majalisa da ke Apo a Abuja ya dakatar da Sheikh Nuru Khalid, sannan ya sallame shi, saboda huɗubar da ya soki gwamnati kan rashin tsaro kwanaki kaɗan bayan harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna. Bai ɓata sunan kowa ba, babu kuma wanda ya shigar da ƙara. Idan kwamiti zai iya korar limami haka kawai, yaya za a yi ranar da aka ce kowace huɗuba tana iya cinye asusun masallaci? Za a koma ana duba takardar liman daren Alhamis, kuma gwamna da kwamishina ne za su fara cin moriyar shirun. Don haka sukar mai riƙe da muƙami a kan aikinsa ba ta kamata ta shiga wannan babi ba.

Abin da muke da shi a yanzu ya fi kowanne muni: babu mai biyan diyya, sai kwaɗo. A Fabrairun 2021 gwamnatin Kano ta hana Sheikh Abduljabbar Nasiru Kabara wa'azi, aka rufe masallacinsa da makarantunsa, wata biyar kafin a gurfanar da shi a kotun Musulunci, wadda ta yanke masa hukuncin kisa a Disambar 2022. Tuhumarsa ta ɓatanci ga Manzon Allah (SAW) ce, wani babi ne dabam, kuma ba kare kalamansa muke yi ba. Abin lura shi ne yadda hukuma take hukunta cibiya: tsohon da ke sallar asuba a wurin da yaron da ke koyon baƙi, waɗanda ba su furta komai ba, su ma an rufe musu ƙofa. Makamin da aka gwada a kan wanda jama'a suka tsana yana nan a ajiye don wanda gwamna ya tsana.

A nan Kuala Lumpur mun ga wata hanyar. A Nuwambar 2023 babbar kotu ta umarci P. Ramasamy, tsohon mataimakin babban ministan jihar Penang, ya biya Dakta Zakir Naik diyyar ringit miliyan 1.45 saboda ɓata masa suna. Kowa na da ra'ayinsa kan mutanen biyu, amma an ji shaidu, an yi hukunci, ba a rufe wurin ibadar kowa ba.

Muna kira ga majalisun dokokin jihohinmu su duba sashe na 392 na dokar Final Kod, wanda har yanzu yake tanadin ɗaurin da ya kai shekara biyu kan ɓata suna, wanda kuma masu hannu da shuni suka fi kowa amfani da shi ta hannun 'yan sanda. A mayar da lamarin ƙarar diyya. A ba cibiyar da aka kai kuka kanta wa'adi ta janye maganar a kan mumbarin da aka yi ta, a irin lokacin da aka yi ta, ta kuma cire bidiyon daga shafukanta. Wadda ta janye ta kuɓuta, malamin ya amsa nasa shi kaɗai. Wadda ta ƙi, a haɗa ta da shi a takardar sammaci.